Likitan Keke da Durowar Uwar Teloli

Maigidana mai gyaran keken ɗinki ne. Shekara arba'in da ɗaya yana wannan sana'a, ni kuma talatin da shida ina wanke baƙin mai daga rigunansa, don haka in ana maganar keke ni ma ina da ta cewa. A layin teloli babu mai kiransa da komai sai Likita. Ni Malam nake ce masa. In ya ji na ce Likita, to ya san akwai magana.

Shagonsa bai fi ɗakin girkina girma ba. Benci ɗaya ne, da teburi mai tabon mai, da gwangwanayen madara cike da notuna, sai kawunan kekuna jere a kan katako. Yana ɗan shekara goma sha tara ya shiga hannun ubangidansa, wani dattijo da bai taɓa yi masa bayanin komai ba. Sai dai ya taka keke ya ce, "Me ka ji?" In ya ce bai ji komai ba, a miƙa masa tsintsiya. Da haka Malam ya koyi gyara da kunne. Har yau in muna tafiya ya jiyo ƙarar keke daga wani gida, sai ya tsaya cak ya ce, "Allurar can a karkace take." Na sha jan hannun rigarsa kada ya je ya yi sallama a gidan mutane.

A shekarun nan aiki ya ja baya. Matasan teloli sun koma injin lantarki, in ya lalace su kira wanda ya sayar musu. Malam sai ya wuni yana zuba wa kekuna mai alhali ba su nema ba. Ganin haka babban ɗanmu, wanda muke kira Babba, ya zo gida da maganarsa a shirye.

"Baba, ka rufe shagon nan ka huta. Me muka rage ka da shi?"

"Hutu na matattu ne," in ji Malam.

Suka yi ta ja har suka tsaya a kan magana ɗaya. Babba zai ba shi shekara guda. In ta cika teloli ba su dawo ba, zai zo da mota ya kwashe kayan, kuma Malam ba zai yi musu ba. Ni dai gabana ya faɗi. Na ga yadda ubangidansa ya ƙare bayan 'ya'yansa sun zaunar da shi a gida, wata bakwai kacal ya yi yana kallon bango. Na kuma san mijina. In aka raba shi da sukudireba, ba zai daɗe yana dariya ba.

Autarmu ce ta kawo dabara. Ta zo daga gidan mijinta ta iske shi yana yi wa wata mata bayanin abin da ke sa zare cukurkuɗewa a ƙarƙashin yadi, sai ta ɗaga waya ta ɗauke shi bai sani ba. Ta buɗe masa shafi, ta ɗora. Washegari mutum ɗari huɗu sun kalla. Malam ya karɓi wayar da hannu biyu, ya ce a sake karanta masa lambar. Aka karanta.

"Ɗari huɗu? Duk ni suka zauna suna kallo?"

"Kai kuwa, Baba. Ga wata ma ta rubuta cewa ka ceci rigar da take ɗinkawa."

Ranar bai ci abincin kirki ba. Baki har kunne, ya bi layi yana nuna wa duk wanda ya tsaya, har da mai faci da ba ruwansa da zare. Da Auta za ta koma gidanta sai ta koya mini riƙe waya, ta nuna mini inda ake dannawa. Tun daga nan na samu sabon suna. Da na shigo shago da kwanon abinci sai ya miƙe ya ce, "Darakta ta iso!" Ni da na zo duniya ban taɓa ɗaukar hoton ko kaza ba.

Makonni ukun farko kamar ruwan famfo. Yadda ake zuba mai, yadda ake saka allura, yadda ake ɗaure bel, yadda ake share haƙoran keke da tsohon buroshin goge baki. Bidiyo goma sha bakwai muka yi. Ranar na goma sha takwas ya zauna a gaban waya, ya gyara hula, ya buɗe baki, ya rufe. Ya dube ni, na dube shi.

"Darakta, me ya rage?"

"Ni ka tambaya? Kai ne likita."

Shekara arba'in na ilimi, amma ruwa ya ƙare wa ɗan kada a mako uku. A nan ne farauta ta fara, kuma ban taɓa ganin mutum ya shiga neman abu da zumuɗi irin haka ba.

Da farko ya leƙa abin da wasu ke yi. Ya ga samari suna saka kiɗa suna nuna iska da yatsa rubutu yana fitowa, ya ce shi ma zai iya. Na ɗauke shi yana nuna rufin shago yana gyaɗa kafaɗa. Ko awa ɗaya ba a yi ba Auta ta kira. "Mama, don girman Allah ku sauke, dangin mijina suna gani." Muka sauke. Ya ce daman ƙafarsa ce ta zame, ba rawa yake yi ba.

Sai ya koma yawon layi. Kullum da safe ya ɗauki kofin shayinsa ya bi shagunan teloli ɗaya bayan ɗaya, ya zauna kamar mai hira, alhali kunnensa yana kan ƙorafi. Da wani ya ce, "Keken nan yana tsinka mini zare," sai Malam ya zaro kwalin allura ya rubuta a bayansa. Aljihunsa ya cika da kwalayen nan. Wata rana na jiƙa rigarsa ban duba ba, na wanke masa dabaru shida. Ya tsaya a kan bokitin wanki yana tsamo takarda ta zama kunu, kamar wanda aka yi wa rasuwa. Har ni ban tsira ba. Na yi mita a kan almakashina da ya dakushe, kafin in rufe baki ya ce, "Tsaya, maimaita, wannan bidiyo ne."

Babbar rijiyar da ya samu ita ce sharhin masu kallo. Wata mata daga wani gari mai nisa ta rubuto cewa kekenta yana tsallake ɗinki. Malam ya ce a rubuta mata ta taka shi ta turo ƙarar. Ta turo. Ya kanga wayar a kunne, ya lumshe ido, ni kuma ina ɗauka da wayar maƙwabci. Can ya buɗe ido ya ce, "'Yata, allurarki ba ta hau har ƙarshe ba. Kwance ki tura ta sama." Bayan minti goma ta turo murya tana ihu. Abin nema ya samu. Ƙarar kekuna ta riƙa shigowa kamar ruwan sama, shi kuma yana faɗin ciwo ɗaya bayan ɗaya. Matasan teloli da suka daina gaishe shi suka fara leƙowa, wasu da tsofaffin kekunan iyayensu, wasu ma da injin lantarkin suna cewa ya saurara musu. Benci ya daina isa. Na ga mijina ya koma ɗan shekara talatin, kuma ba zan ɓoye ba, ni ma daɗi ya cika ni.

A wata na takwas wani magidanci ya kawo keken mahaifiyarsa da ta rasu. Malam ya ja durowar da ke jikin teburin don ya nemi bobin, ɗan abin da ake naɗa zaren ƙasa a kai, sai ga tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare, da tsohon kwabo, da haƙorin yaro a naɗe cikin ƙyalle. Mutumin ya kalli haƙorin ya ce, "Wallahi nawa ne," ya fashe da dariya hawaye na zuba. Shi da kansa ya ce mu ɗauka. Mutum dubu sittin suka kalli wannan bidiyo.

Malam ya kasa zama. "Darakta, kin gani? Shekara arba'in ina zaune a kan taska ban sani ba! Kowane keke da durowarsa, kowace durowa da labarinta. Har in mutu ba zan rasa abin ɗorawa ba."

Ya sa wa shirin suna, Me Ke Cikin Durowa. Muka ga makullan da ba a san ƙofarsu ba, da alewar da ta narke ta kama maɓallai, da takardar makarantar wani da aka ɓoye saboda jan biro. Na farko da na biyu masu kekunan suna tsaye aka buɗe. Daga baya ya daina jira. A wurinsa durowa wani sashe ne na keke, kamar feda ko bel. Na taɓa ce masa, "Malam, ba ka tambayi mai shi ba." Ya ce, "Keke in ya shigo shagon nan majinyaci ne, likita kuwa ko'ina yana dubawa." Na yi dariya na danna waya. Laifina ke nan, kuma na ɗauka.

Akwai wata mata a layin da kowa ke kira Uwar Teloli. Rabin masu ɗinkin wurin a hannunta suka koyi riƙe almakashi, kuma shekara talatin babu mai taɓa kekenta sai Malam. Mijinta direban babbar mota ne, ƙato mai dariya kamar tsawa. An daɗe ba a gan shi ba, in an tambaye ta sai ta ce yana kan hanya. Ita ma ta ɗauke kekenta ta koma ɗinki a gida. Wata safiya mai baro ya kawo keken da saƙon cewa yana tsallake. Ita ba ta zo ba.

Abin da ke cikin durowar, yau da izininta nake faɗa. Alli ne, da tef ɗin awo, da wata takarda a ninke. Malam ya buɗe ta a gaban waya. A sama an rubuta "Baban yara, ƙugu." A ƙasa kwanan wata ne da lamba, layi bayan layi. Arba'in. Talatin da takwas. Talatin da shida. Talatin da uku. Talatin.

"Jama'a, ku ga ikon Allah!" in ji Malam yana dariya. "Inci goma a wata takwas! Duk mai neman rage tumbi ya nemi wannan bawan Allah ya ba shi sirrin. Ni shekara biyar ina fama da nawa."

Ya shafa cikinsa, na yi dariya har wayar ta girgiza. Shi mai gyara ne, lamba kawai ya gani. Da tela ne ya buɗe takardar nan, da tuni jikinsa ya yi sanyi ya mayar da ita. Tela ya san abin da ke sa mace ta tsuke wandon mijinta sau huɗu a wata takwas. Keken kuma ba ɓoyayye ba ne. Akwai jan ƙyalle ɗaure a wuyansa da ƙunar dutsen guga a gefen teburin, duk wanda ya koyi ɗinki a kansa ya san shi.

Washegari mutum dubu tamanin sun kalla. Malam yana tsaye a ƙofar shago yana karanta sharhi da ƙarfi sai ga Uwar Teloli. Ba ta yi sallama ba. Layin ya yi tsit, kekuna suka daina ƙara ɗaya bayan ɗaya.

"Likita, gyara na kawo maka ko tallan mijina?"

"Yaya, wasa ne fa, ban faɗi suna ba..."

"Wata takwas yana kwance. Ya roƙe ni kada kowa ya gan shi a haka, har ƙannensa na ɓoye wa. Jiya wayata ba ta huta ba. Shi da kansa ya ga kana shafa ciki kana dariya." Muryarta ba ta tashi ba, da ma ta yi ihu da ya fi sauƙi. "Mu teloli muna ganin jikin mutane, muna rufe baki. Na ɗauka kai ma namu ne."

Ta sa mai baro ya ɗora keken ba a gyara ba, suka tafi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Malam ya goge bidiyon nan take, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, mutane sun kwafa. Da yamma muka je gidanta ba da haƙuri. Ta saurare mu a bakin ƙofa, ta ce, "Na ji," ta rufe.

Babu wanda ya zage shi a layi. Kawai dai aka daina zuwa. Wanda ya bar keke ya aiko a karɓa. Yawon shayin safe ya mutu, don da ya zauna sai hira ta tsaya. Mabiya na nesa suna ta ƙaruwa suna tambayar sabuwar durowa, amma mai kallo daga nesa ba ya kawo keke. Bayan mako biyu ya ce in ɗaga waya. Ya zauna babu keke a gabansa, ya ce ya buɗe abin da ba nasa ba, ya yi dariya a kan ciwon wani, kuma daga yau ba zai ƙara jan durowar kowa ba sai mai ita ya ja da hannunsa. Mutum dubu biyu kacal suka kalla. Ya ci gaba da sauraron ƙarar da ake turo masa, yana amsawa, amma ba ya tsalle kamar da. Wata uku muka yi a haka, ina ƙirga kwanakin Babba a zuciyata.

Ranar da shekara ta cika Babba ya zo da mota da kwalaye. Ba da mugunta ba, shi ma idonsa a ƙasa yake. Malam bai yi musu ba, alkawari kaya ne. Shi da kansa ya riƙa juye gwangwanayen notuna a leda yana ɗaurewa. Ni ina zaune a benci ina kallonsu. An cika kwali huɗu sai muka ji ƙarar baro a bakin shago.

Jan ƙyallen na fara gani, sannan ita a bayansa. Teloli duk sun fito ƙofar shagunansu.

"Ina za ka da kaya, Likita?"

"Gida, Yaya."

"Ka bari sai ka gama nawa. Na kai shi wurin mutum biyu, sun canza wannan sun canza wancan, yana nan yana tsallake." Ta dube shi sama da ƙasa. "Kada ka ɗauka na manta. Sirrinmu ne ka tona. Tun ranar abokan mijina suka cika mini gida, kullum sai na dafa na mutum goma, kuma ban gode maka ba."

Malam ya sunkuyar da kai. Ta sa aka sauke keken a tsakiyar shago, ta ja durowar da hannunta, ta ciro takardar nan ta miƙa masa. Ya ƙi karɓa.

"Karɓi mana. Ni na ba ka."

Ya buɗe a hankali, na leƙa ta kafaɗarsa. A ƙarƙashin talatin an ƙara layi uku da sabon biro. Talatin. Talatin da ɗaya. Talatin da biyu da rabi.

Ban san lokacin da na yi guɗa ba. Malam ya daka tsalle har hularsa ta faɗi cikin kwali. "Ya tashi? Yaya, ya tashi?"

"Jiya da ƙafarsa ya je bakin titi. Yana ta faɗa wai wanduna sun matse shi."

Malam ya zagaya keken sau biyu yana riƙe da takardar, yana dariya, idonsa ya cika. Na san abin da ke yawo a kansa domin shi ne a nawa. A duk farautar da ya yi, a layi da sharhi da durowoyi, bai taɓa samun labari kamar wannan ba. Mutum dubu ɗari za su kalla, ko ma fiye. Hannuna ya tafi kan waya da kansa, har na ɗaga ta. Sai ya ɗora tafinsa mai baƙin mai a kai, ya karɓe ta, ya kife a kan teburi. Ya ninke takardar yadda take, ya miƙa wa mai ita da hannu biyu.

Uwar Teloli ta karɓa. Sannan ta mayar da takardar, ta rufe durowar, ta zauna a benci kusa da ni ta gyara mayafi.

"To ka yi sauri," in ji ta. "Wanduna shida ke jirana, duk sai na buɗe musu ƙugu kafin la'asar."

A bayanta na hango wani tela yana tsallako titi da kan keke a kafaɗa. Malam ya naɗe hannun riga, ya juya wurin ɗansa da ke tsaye da kwali a hannu.

"Babba, sukudirebana a wane kwali ka sa?"